Babi na Shida: Intanet a Cikin Jarka

Ɗakin da na yi haya a Hayin Dogo da ke Samarun Zariya a shekarar 2008 tagarsa ɗaya ce, kuma a bakin tagar nan kaɗai sabis yake cika. Duk daren da nake da saƙon aikawa, sai in ja tebur zuwa jikin bango, in jingina wayata Nokia da ƙarfen taga, in tokare ta da kwalin ashana don kada ta zame. Daga gindin wayar kebul ya sauko zuwa wata tsohuwar kwamfutar cinya da na saya 'yar gwanjo a Sabon Gari, wadda batirinta ba ya kai minti arba'in. In latsa, in yi bisimilla, in zuba wa allo ido. Kwamfuta ta ce tana kiran *99#. Can ta ce tana tantance suna da kalmar sirri. In an yi sa'a, sai wasu 'yan akwatuna biyu su bayyana a kusurwar allo ta ƙasa suna ƙifta ido. Shi ke nan, an shiga.

A irin wannan dare ne, wajen ƙarfe goma, na zauna aika babi na uku na aikin digirina ga malamin da ke duba ni. Ya yi tafiya Ingila, ya kuma ce in bai ga aikin ba kafin Juma'a, sai bayan ya dawo. Takardar ba ta cika megabayit ɗaya ba. Zaren da ke nuna tafiyarta ya wuce rabi ke nan, sai wayar ta ɗauki ƙara. Inna ce daga gida. Wa ya isa ya ƙi ɗaukar wayar mahaifiya? Muka gaisa, ta tambayi karatu, ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi tagwaye, ta sa mini albarka. Da na ajiye, kwamfuta ta ce saƙo bai tafi ba. Na sake daga farko, kuɗin layin kuma ya ƙare kafin a kai ƙarshe. Washegari da sassafe na ci bashin kati a shagon maƙwabci, sannan aikin ya tafi.

Haka da yawa daga cikinmu muka fara shiga intanet daga ɗakunanmu. Bai shigo mana ta bango ba, ta aljihu ya shigo, kuma da mudu aka auna mana shi. Wannan hanyar shigowa ita ce ta yi mana tarbiyyar da har yau muke kanta.

Famfo da ga-ruwa

Wanda ya zauna Samaru ya san ruwa iri biyu ne. Akwai na famfo, wanda kake murɗawa ka yi wanka ba ka lissafi. Akwai kuma na mai ga-ruwa, wanda yake turo kurarsa ƙofar gida ya sauke maka jarka biyu ka biya. Mai famfo yakan manta da shi a buɗe. Mai sayen jarka kuwa ya san adadin butar da ke cikinta, ruwan da ya wanke shinkafa ma sai ya zuba wa shuka.

A Amurka da Turai intanet ya bi hanyar famfo. Kusan kowane gida yana da wayar tarho ta girke tun da daɗewa, saboda haka sai aka sayi wani akwati da ake kira modem, aka soka shi tsakanin kwamfuta da wayar bango. Daga baya aka koma biyan kuɗin wata, a yi ta sha ba awo. Mu ba mu da wannan gado. Zuwa shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 100. A Zariya layin tarho na NITEL sai ofisoshin gwamnati, da gidajen manyan ma'aikata, da wasu attajiran Sabon Gari.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane ɗaya a kan dala miliyan 285. A watan Agusta na shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Layi kaɗai ya kai naira 20,000, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai a 2003 da Globacom ya shigo da cajin daƙiƙa-daƙiƙa farashi ya fara sauka. Duk wannan kuwa harkar murya ce. Mai son intanet sai ya tafi kafe.

Kafe-kafen sun jeru a bakin titin Sakkwato, daura da ƙofofin Jami'ar Ahmadu Bello, wasu kuma a unguwar PZ. Galibinsu da faifan tauraron ɗan'adam suke janyo intanet, su raba wa kwamfutoci goma ko ashirin. Ka sayi tikitin awa ɗaya a kan naira 100, agogo yana ƙirga maka a kusurwar allo, janareta yana ruri a waje, na bayanka yana karanta wasiƙarka ta saman kafaɗarka. Burauzin ɗin kwana ya fi arha kuma ya fi sauri, amma wace ɗaliba ce za ta kwana a kafe, wane magidanci ne zai bar iyalinsa? Jami'a ta yi nata ƙoƙarin. Akwai Cibiyar Kwamfuta ta Iya Abubakar, akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, kuma Gidauniyar MacArthur ta tallafa wa jami'ar tare da ta Bayero, da ta Ibadan, da ta Fatakwal wajen inganta sadarwa. Sai dai famfon jami'a iyakarsa katangar jami'a. Wanda ke kwana a Hayin Dogo ko Danraka ko Bomo, da ya fito ƙofa ya bar shi a baya.

Wajen tsakiyar shekarun 2000 kamfanonin waya suka buɗe abin da ake kira GPRS, wato hanyar da wayar salula za ta ɗauko bayanai ba murya kaɗai ba. Nan mai ga-ruwa ya shigo unguwa.

Wayar da ta yi shigar modem

Kalmar waya kanta tana da abin dariya. Asalinta zaren ƙarfe ne, irin wanda aka ɗaura a kan sandunan tangaraho da suka bi layin dogo, layin da ya iso Zariya a 1911 ya kuma haifi Sabon Gari. Daga nan muka sami gidan waya da buga waya. Da salula ta zo, muka ci gaba da ce mata waya alhali ba zare ko ɗaya a jikinta. Da muka so shiga intanet kuma, sai ga mu muna yawon kasuwa neman zaren da za mu ɗaura wa wayar da ba ta da waya.

Aikin modem na asali tafinta ne. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, layin tarho kuma bai san komai ba sai sauti. Modem ya mayar da lambobi ƙara, ya tura su ta layi, ɗan'uwansa a can ya mayar da ƙarar lambobi. A 1981 wani kamfanin Amurka na Dennis Hayes ya fito da modem ɗin da kwamfuta ke ba shi umarni da wasu gajerun kalmomi masu farawa da haruffan AT. In ta ce ATD ta bi shi da lamba, ma'anarsa buga wannan lamba. Wannan yare ya bazu har ya zama kowane modem da shi yake ji.

Masu ƙera wayar salula sai suka koya mata yaren. Idan ka haɗa Nokia da kwamfuta, wayar takan gabatar da kanta a matsayin modem irin na da. Kwamfuta ta ce mata ATD*99#, tana zaton wani ofishi za a kira. Alhali babu mai wannan lamba a duniya. Ishara ce kawai tsakanin kwamfuta da waya, ma'anarta buɗe mini ƙofar bayanai. Ƙofar tana da suna, wanda ake kira APN, kuma kowane kamfani da nasa. Na MTN a lokacin shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. Ɗalibai sukan rubuta irin waɗannan sunaye a bangon littafi na baya kamar laƙani, harafi ɗaya ya kuskure, aiki ya tsaya.

Da an haɗu sai kwamfuta ta yi albishir cewa saurin ya kai 115.2 ko ma 460.8 na kilobit a daƙiƙa, mu kuwa mu yi ta murna. Ashe saurin da ke tsakanin wayar da kwamfutar take faɗa, wato faɗin bakin jarka, ba yawan ruwan da ke zubowa ba. Abin da GPRS ke bayarwa a zahiri bai cika wuce kilobit 40 ba, wato kamar kilobayit biyar a daƙiƙa. Da wannan sauri, megabayit ɗaya sai ya ci fiye da minti uku, in komai ya tafi daidai. Hoto ɗaya na wayoyin yau zai ci minti goma. Duk da haka ci gaba ne, domin tsarin da ya gabace shi kilobit 9.6 yake bayarwa, kuma da minti ake cajinsa kamar kira. Da EDGE ya zo, saurin ya ninka sau uku ko huɗu.

Me ya sa wani lokaci abin yake gudu, wani lokaci yake rarrafe? A tsarin GSM, kowace tasha da ke kan ƙarfen sabis an yanka ta gida takwas. Ɗauke ta kamar motar haya mai kujeru takwas da ke tashi daga Samaru zuwa Kwangila. Kowane mai kira fasinja ne, kujera ɗaya tasa. Bayanan intanet kuwa kaya ne, kwandasta ba ya ɗora su sai a kujerar da ba kowa, in fasinja ya zo a sauke buhu. Yawancin wayoyin lokacin suna iya aron kujeru har huɗu wajen saukowa da bayani, amma ɗaya ko biyu kawai wajen aikawa. Shi ya sa tura takarda ya fi karɓarta wuya. Haka kuma wayoyin ba sa iya haɗa kira da bayanai a lokaci guda, kira yana shigowa sai a jingine intanet. Inna ba ta san ta sauke mini buhu ba.

Da muka gane haka sai muka koma farautar lokaci. Da yamma, ɗalibai sun dawo ɗakunan kwana na Suleiman da Danfodiyo da Amina, kowa ya kanga waya a kunne, ba ka samun komai. Tsakar dare ma ba dama, domin lokacin kiran dare na kyauta ne, samari da 'yammata sun cika kujeru. Lokacin da ya fi albarka shi ne daga ƙarfe huɗu zuwa kiran assalatu. Na san waɗanda intanet ya koya wa tashin asuba.

Igiya uku

Hanya uku ce ake ɗaura waya da na'ura. Ta farko ita ce ta hasken da ido ba ya gani, irin wanda rimot yake harba wa talabijin. Wayoyin da suka amsa sunansu suna da wata 'yar taga baƙa a gefe. Da ita aka fi haɗa waya da ƙananan kwamfutocin tafin hannu irin su Palm da iPAQ, waɗanda ake rubutu a kansu da ɗan tsinke kamar allo da alƙalami. Su waɗannan na'urori yawancinsu ba su da layi, kalanda ce da littafin adireshi da akwatin imel, sai sun jingina da waya suke ganin duniya.

Na taɓa ganin haka a ofishin wani malami masanin ƙasar noma, wanda ya dawo da Palm daga wani taro a Turai. Ya kwantar da ita a kan tebur, ya kwantar da wayarsa a gabanta, taga na kallon taga, tazarar bai fi taƙi ɗaya ba. Ya sa na ja labule, domin hasken rana yana rikita su. Muna zaune shiru kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai, sai masinja ya shigo ya dire kofin shayi a tsakaninsu.

"Haba Malam Masinja, ka raba aure!" in ji malamin.

"Yallaɓai, wane aure kuma?"

Aka matsar da kofi, aka sake ɗaurawa. Wasiƙu bakwai suka sauko, ya karanta su a tafin hannunsa. Ranar na fara ganin imel ba a kafe ba. Amma irin waɗannan na'urori ba su yi kasuwa a nan ba. Suna da tsada, ga batiri biyu da za ka ciyar a garin da wuta ba ta zama. Ba a daɗe ba wayar da kanta ta haɗiye aikinsu.

Hanya ta biyu ita ce kebul, kuma ita ce ta talaka. Sai dai a wancan zamani kowane kamfani da irin bakin wayarsa, Nokia ma kanta kebul ɗinta kala-kala ne, akwai DKU-5, akwai CA-42, akwai DKU-2. Samaru ba ta cika ajiye su ba. Sai ka shiga bas ka wuce Palladan, ka ratsa Kwangila, ka sauka PZ, ka bi shagunan masu waya har cikin kasuwar Sabon Gari kana nuna gindin wayarka. In ka samu, sau da yawa jabu ne, an haɗo shi da ɗan ƙaramin faifai. Ka kai gida ka soka, kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙo ba.

Haka ta faru da ni, na koma wurin wani matashi mai gyaran waya da ke zaune ƙarƙashin lema da teburinsa na gilashi. Ya jujjuya wayar, ya soka, ya zare.

"Oga, wayarka lafiyarta lau. Direba ne babu."

"Wane direba kuma? Mota na kawo maka?"

Ya yi dariya, ya ce ai kwamfuta ba ta tuƙa na'urar da ba ta da direbanta, wata 'yar manhaja ce da ke gabatar da su ga juna. Ya zaro filash daga aljihu, ya zuba mini direban da Nokia PC Suite, ya yi saiti, ya karɓi naira 200. Bai gama sakandare ba. Amma a layin teburinsa na ga masu digiri na biyu suna jira da kwamfutocinsu a hammata. Idan za a rubuta tarihin yadda intanet ya shiga gidajen Zariya, a ware wa waɗannan matasa na ƙarƙashin lema shafi, domin su ne malaman da ba a ba su allo ba. Laifinsu ɗaya, filash ɗin da ya shiga kwamfuta ɗari ba ya rasa ƙwayar cuta.

Hanya ta uku ita ce Bluetooth, wanda kamfanin Ericsson na Suwidin ya faro a 1994, aka kuma raɗa masa laƙabin wani tsohon sarkin Denmak. Shi ba ruwansa da kallon juna, kuma yana kai wa kamar mita goma. Da na sayi ɗan makullinsa mai kamar kan yatsa na soka a kwamfuta, sai na huta da jan tebur. Waya tana can bakin taga tana kamun sabis, ni ina kan katifa. Illarsa shan batiri. Wayar takan yi zafi kamar dutsen guga, in kuma an ɗauke wuta sai ka zaɓa tsakanin burauzin yau da amsa kira gobe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Tattalin mai sayen jarka

Kafin tsare-tsaren wata su yi arha, a kan kowane kilobayit ake cire kuɗi daga katin da ka sa. Nan muka zama masana tattali ba tare da mun shiga aji ba.

Darasin farko, kada ka rubuta wasiƙa alhali ƙofa tana buɗe. Ka rubuta duk saƙonninka a Outlook Express, ka duba su, ka tara su a akwatin fita. Sannan ka haɗa, ka latsa aika da karɓa, ka yanke nan take. Wasiƙa mai kalma 300 ba ta wuce kilobayit biyu ba, saboda haka imel tsurarsa kusan kyauta ne. Abin da ke cin kuɗi shi ne kayan da aka maƙala masa, da kwalliyar shafin da ke kewaye da shi. Masu wayo sukan saita na'ura ta sauko da kan wasiƙa kaɗai, wato sunan mai aikowa da take da nauyi, sannan su zaɓi wadda ta cancanci buɗewa. Wannan ne ma ya ja da yawa daga cikinmu daga Yahoo zuwa Gmail, domin Gmail ya yarda manhajar imel ta kwaso wasiƙu kyauta tun 2004, kuma a lokacin yana da shafi marar ado mai saurin buɗewa.

Darasi na biyu, kashe hotuna. Shekaru muka yi muna karanta shafin BBC Hausa da ramukan fili a inda fuskokin shugabanni ya kamata su kasance. Darasi na uku kuwa da kuka ake koyonsa. Ka sa katin naira 500, ka haɗa, ka shiga banɗaki, ka dawo ka tarar babu ko kwabo. Ba wanda ya taɓa kwamfutar. Ita da kanta ta ga ƙofa a buɗe ta shiga sabunta manhajojinta, domin waɗanda suka ƙera ta 'yan famfo ne, ba su taɓa tunanin mai jarka ba. Tun daga ranar kake koyon toshe duk wata kafa da ɓarawon cikin gida zai bi.

A kan wayar kanta kuma, Opera Mini ne ya cece mu. Wani kamfanin ƙasar Nowe ya sake shi ga duniya a farkon 2006. Dabararsa ita ce, in ka nemi shafi, manyan kwamfutocin kamfanin ne za su ɗauko shi, su matse shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma, sannan su miƙo maka. Da shi ƙaramar Nokia ta zama wurin duba imel da sakamakon ƙwallo, daga baya Facebook da 2go suka biyo.

Ba za a rufe wannan zance ba sai an taɓo abin da aka kira firi burauzin. Wasu matasa sukan gano wata ɓaraka a saitin kamfanoni, su bi ta nan su sha intanet ba biya. Lambobin sukan yaɗu daga ɗaki zuwa ɗaki, su yi mako biyu ko uku, a toshe, a shiga neman wata. An yi ta muhawara a masallatan ɗakunan kwana a kan halaccinsa. Masu yi suna cewa kamfanoni ma suna cinye musu kati, masu hani suna cewa zaluncin wani ba ya halatta maka haura katangarsa. Abin da ya kashe harkar a ƙarshe ba wa'azi ba ne, ba kuma toshewa ba ce. Data ce ta yi arha har wahalar ta fi ribar.

Sunan ya sauya, jarkar tana nan

A 2007 aka ba da lasisin 3G. Ba a jima ba ƙananan modem masu kamar filash, yawancinsu ƙirar Huawei, suka cika kasuwa, ka sa musu layi ka soka a kwamfuta. Kamfani yakan kulle nasa don kada ya karɓi layin wani, matasan Sabon Gari kuma suka sami sabuwar sana'ar buɗewa. A 2010 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku biyu, MainOne da Glo-1, suka fara aiki a Legas, WACS ya biyo a 2012, farashin data ya fara karyewa. A 2010 ɗin dai manhajar Android ta zo da damar mayar da waya tashar Wi-Fi, abin da yanzu kowa ke ce wa hosfot. Da wayoyin Tecno da Itel da Infinix suka sauko da farashi, abin da a da sai da kebul da direba da laƙani ya koma latsa wuri ɗaya.

Duba da kyau, za ka ga aikin bai sauya ba. Shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar JAMB ko biyan kuɗin makaranta a Samaru, sau da yawa wayar mai shagon ce a kan kanta, a jikin caja, take ciyar da kwamfutocinsa. Malamin da ya halarci taron ƙasa da ƙasa ta Zoom a lokacin kullen korona na 2020, hosfot ya kunna. Na'urar POS da ke bakin kasuwa layin waya ne a cikinta. Har mai ga-ruwan ma ya fito fili, domin ga matasa nan suna saro data da yawa suna sayar da ita giga-giga ta WhatsApp.

Raunin ma yana nan. A 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, da wasu ƙananan hukumomin Katsina har da Funtuwa, da sassan Jihar Kaduna irin su Birnin Gwari da Giwa saboda matsalar 'yan bindiga, ba kira kaɗai aka rasa ba. Imel, da banki, da rajistar makaranta, duk suka tafi tare, domin duka a igiya ɗaya suke rataye. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, aka ji a jika har Samaru. A Janairun 2025 kuma hukuma ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, kowa ya koma lissafin butoci. Wanda ruwansa ke zuwa a kura, ranar da tayar kura ta fashe ya san ƙishirwa.

Kwanan baya 'yar ƙanwata, wadda ke aji biyu a jami'a, ta zo gidana da kwamfutarta. An ce su tura aikin gida kafin sha biyun dare, datarta kuma ta ƙare.

"Kawu, don Allah ɗan kunna mini hosfot."

Na kunna, na karanta mata kalmar sirri. Kafin in mayar da waya aljihu ta ce ya tafi. Na tambaye ta nauyin takardar, ta duba ta ce megabayit goma sha biyu, ta faɗe shi kamar ba komai ba. Na so in ba ta labarin tagar Hayin Dogo da kwalin ashana, sai na ga ta riga ta buɗe wani bidiyo.

"Ke, rufe wannan. A jarka nake saye."

Ta dube ni ba ta gane ba, amma ta rufe.